Yadda Ake Bin Ƙoramar Duwatsu a Tsaunukan Hamada a Dawo Lafiya

Duk tsaunin da ke cikin hamada yana da hanyoyin da ruwa ya sassaƙa a jikinsa. Ko tsaunukan Ayar na Nijar ka je, ko Hoggar na Aljeriya, ko Sina'i a Masar, ko kwazazzaban Arizona da Utah a Amurka, abu guda za ka tarar: ƙorama cike da duwatsu da tsakuwa da yashi, wadda kan yi wata da watanni babu ɗigon ruwa a cikinta. Turbar masu tafiya a ƙafa ita take bi, don nan ne hawa ya fi sauƙi, nan inuwa take, nan bishiyoyi ke samun danshin da ke riƙe da su, nan kuma ake tarar da ɗan ruwan da ya maƙale a ramukan dutse. Wurare ne masu kyau ƙwarai, ina kuma so mutane su je su gani da idonsu. Sai dai mai bin irin wannan hanya lissafin ruwa biyu ne a kansa: wanda ya goya a bayansa, da wanda ka iya sauko masa daga saman tsauni ba sallama. Kusan duk shirin da zan bayyana a kan waɗannan biyun ya rataya.

Mataki na farko: karanta taswira tun daga kan tsauni

Yawancin mutane idan sun buɗe taswira, layin turbar kawai suke bi da yatsa su ga nisanta. Kai ka fara daga sama. Nemo ƙoramar da za ka bi, ka raka ta da ido har inda ta faro, ka ga ƙananan kwaruruka nawa ke zuba a cikinta. Duk ruwan da ya sauka a faɗin wannan yanki, ta inda za ka sa ƙafa zai wuce. Dutse ba ya shan ruwa, ƙasar hamada kuma ba ta da ciyawar da za ta rage masa gudu, shi ya sa ruwan da bai kai awa guda yana zuba ba yakan cika kwazazzabo.

Ranar 12 ga Agusta 1997, mutum 11 suka rasu a kwazazzabon Antelope da ke Arizona. Inda suke tsaye kusan ba a yi ruwa ba. Hadarin ya sauke ruwansa ne can sama, kilomitoci da dama daga wurin, ruwan ya haɗu ya biyo matsatsin ya same su. A 1963 ma ambaliya ta hallaka maziyarta Faransawa fiye da 20 a matsatsiyar mashigar tsohon birnin Petra a Jodan, wurin da Nabatawa, mutanen da suka gina birnin, suka gina wa madatsa, suka kuma fafe rami a cikin dutse don karkatar da ruwa, tun shekaru kusan dubu biyu da suka wuce. Don haka idan za ka duba hasashen yanayi, na yankin tsaunin gaba ɗaya za ka duba. Sama tana iya zama tas a kanka alhali ana tafka ruwa a bayan dutsen da ya tare maka gani.

Ka san lokacin ruwan wurin. A Ayar da kudu maso yammacin Amurka, daga Yuli zuwa Satumba ne hadari ke yawan haɗuwa, galibi da rana ko da yamma. A Sina'i da Jodan kuwa ruwa na zuwa ne a watannin sanyi da gefensu. Idan an ce akwai yiwuwar ruwa a ranar, a bar matsatsin kwazazzabo sai wata rana. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kafin ka ninke taswirar, duba layukan da ke nuna tudu. Inda suka cunkushe a gefe biyu na ƙorama, bango ne a tsaye, babu mafita. Inda suka buɗe, za a iya hawa a fita. Yi wa waɗannan mafita alama da biro, ka kuma sauke taswirar a wayarka yadda za ta buɗe ba da intanet ba, don cikin kwari sabis ba ya shiga. Ta takarda da kamfas su zo tare da kai, caji yakan ƙare.

Mataki na biyu: lokaci, da wanda zai neme ka

Akwai tsohon lissafi da wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya kawo a 1892: awa guda ga kowane kilomita 5, a ƙara awa guda ga kowane mita 600 na hawa. A kan turba mai kyau yana aiki. A cikin ƙoramar duwatsu kuwa, inda kowane taku sai ka zaɓi wurin sa ƙafa, kilomita 2 a awa ma ƙoƙari ne. Ka ninka abin da lissafin ya ba ka, sannan ka tsayar da lokacin juyawa tun kana gida. Idan ƙarfe kaza ya yi, ko an kai ko ba a kai ba, a juyo. A gida za a yanke wannan shawara, don mutumin da ya gaji, yana hango bakin tsauni kusa, ba ya yanke hukunci mai kyau.

Sai ka rubuta wa wani amintacce inda za ka ajiye mota, ƙoramar da za ka bi, ku nawa ne, lokacin da za ka dawo, da wanda zai kira idan lokacin ya wuce shiru. A watan Afrilun 2003 wani dutse ya gangaro ya danne hannun wani mai hawan duwatsu, Aron Ralston, a kwazazzabon Bluejohn na Utah. Ya kwana biyar a wurin, ba wanda ya san inda za a neme shi saboda bai gaya wa kowa ba, har sai da ya yanke hannun da kansa ya fita. Kada ka tafi kai kaɗai idan da hali. Inda doka ta ce a ɗauki ɗan jagora ko takardar izini, a ɗauka; inda ma ba ta ce ba, mutanen da ke zaune a gindin tsaunin sun san wace rijiya ce ta ƙafe bana, wace turba ce ruwa ya cinye. Matambayi ba ya ɓata.

Mataki na uku: ruwan da ke bayanka

Mai tafiya cikin zafi yakan zubar da zufa rabin lita zuwa lita guda a awa, wani lokaci fiye. A busasshiyar iska zufar tana bushewa nan take, ba za ka ma ji ka jiƙe ba, sai dai ka ga farin gishiri a kafaɗar riga. Tafiyar awa 6 ke nan tana neman lita 3 zuwa 6 ko fiye, kowace lita kuwa kilo guda ce. Nauyi ne, amma ba a nan ake rage kaya ba. Kada ka zuba shi duka a mazubi ɗaya. Raba shi gora biyu ko uku, don idan ɗaya ta fashe a kan dutse sauran su tsira. Ka bar wani a mota na dawowa.

Raba ruwan kashi uku a zuciyarka: ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ko-ta-kwana. Da zarar kashin farko ya ƙare, tafiya gaba ta ƙare, ko da agogo bai kai lokacin juyawa ba. Idon ruwan da taswira ta nuna, ka ɗauke shi a matsayin ƙari idan an dace, kada ka gina tafiyarka a kansa.

Idan ka ji ƙishirwa ka sha. Ruwan da ke cikin gora ba ya yi wa jiki komai, abin da ake ragewa shi ne zubar zufa, ta hanyar neman inuwa da rage sauri. Amma akwai kuskure na ɗaya gefen da mutane ba su cika sani ba: a yi ta ɗirkar ruwa zalla ba a ci komai ba, har gishirin jini ya tsinke. Alamunsa sun yi kama da na bugun zafi, ciwon kai da tashin zuciya da ruɗewa, sai dai mai shi ya sha ruwa da yawa, yana ta fitsari fari. Maganinsa tun kafin ya zo shi ne a riƙa cin abu mai ɗan gishiri duk lokacin da aka tsaya hutu. Ka riƙe ƙunshin gishiri da sukari irin na asibiti, ko ka haɗa da kanka: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda.

Sauran kaya ba su da yawa. Takalmi mai rufe idon sawu, mai taushin roba a ƙasa, wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi. Riga mai dogon hannu, sakakkiya, mai haske. Hula mai faɗin baki, tabarau, tocilar goshi, usur, ɗan madubi, bandeji da filasta, hantsaki na cire ƙaya, da rigar sanyi ko da ka fito ana zafi. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi kan ragu da wajen digiri 6 ko fiye, dare kuma a tsaunin hamada yana da sanyi mai ratsa ƙashi.

Mataki na huɗu: sammako, da yadda ake taka dutse

Ka kama hanya da asuba, gari na fara wayewa. Masu kula da gandun Grand Canyon, babban kwazazzabon Arizona, suna gargaɗin kada a yi tafiya tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma a lokacin zafi, kuma shawarar ta dace da kowace hamada. Duwatsun ƙorama suna tara zafi su mayar maka da shi ta ƙasa, iska kuma ba ta shiga kwari sosai. Idan rana ta take, nemi inuwa ka zauna, ka kwance takalmi ƙafa ta sha iska. Wanda ya zo daga wuri mai sanyi, jikinsa na buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da zafi, don haka kwanakin farko gajerun tafiye-tafiye za a yi.

Taka dutse sai an koya. Zaɓi manya waɗanda suka nutse a yashi, ka sa ƙafa a tsakiyarsu. Wanda ke zaune a kan wasu duwatsu, taɓa shi da sanda ko da ƙafa ɗaya tukuna. Idan ya yi motsi ko ya yi ƙara, tsallake shi. Wanda ya fi yaudara shi ne falalen dutsen da ruwa ya goge ya yi sumul, iska ta yayyafa masa yashi. Ido na ganinsa a bushe, amma taka shi kamar taka hatsin da aka watsa a daɓen siminti ne. Share yashin da gefen takalmi kafin ka ɗora nauyinka. Inda dutse ya yi duhu ko kore a bakin ruwa, gansakuka ce, santsinta ba ya ba da lokaci.

Taku gajere, gwiwa a ɗan lanƙwashe, jaka a ɗaure tam a ƙugu kada ta rinjaye ka. Kada ka dira daga dutse zuwa dutse da kaya a baya. Targaɗen da a gari ba komai ba ne, a nan yana iya mayar da tafiyar awa biyu ta zama kwana a daji. A gangaren da duwatsu ke zamewa, kada wani ya tsaya daidai ƙarƙashin wani, a wuce ɗaya bayan ɗaya, wanda dutse ya kuɓuce masa ya ɗaga murya ya ce "Dutse!" tun bai yi nisa ba.

Mataki na biyar: karanta ƙoramar kana tafe

Nan ne nake so ka fi ba da hankali. Ƙorama tana ajiye shaidar abin da ta taɓa yi. Ɗaga kai ka dubi bishiyoyin gefe: za ka ga tarkacen ƙirare da busasshiyar ciyawa sun naɗe a reshe, duk sun karkata gefe guda. Wani wurin gungumen itace ne maƙale tsakanin bango biyu, sama da kanka nesa. Wani wurin layin laka ne a jikin dutse. Ruwa ne ya kai su can. Duk inda ka ga wannan, tambayi kanka: da zai zo yanzu, ta ina zan hau? Ka saba da wannan tambayar har ta zame maka jiki, kana wuce mafita kana lura da ita.

Alamun zuwansa kuwa ga su. Ruwan da ke gudu garau ya fara yin ja ko ya yi kauri. Ya fara ɗauko ganye da ƙirare da kumfa. Dutsen da ka gani a waje ɗazu ya nutse. Iska mai sanyi ta biyo kwarin daga sama da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sai rugugi mai kauri da ƙarar duwatsu na gwaruwa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ka gani, hau gefe nan take. Kada ka tsaya ɗaukar hoto, kada kuma ka ruga ƙasa kana neman tsere masa, ya fi ka gudu. Idan jaka ta hana ka hawa, yar da ita. Gaban ambaliyar hamada ba ruwa zalla ba ne, laka ce haɗe da itatuwa da duwatsu. A watan Satumban 2015 irin wannan ta kashe mutum 7 a kwazazzabon Keyhole na gandun Zion a Utah.

Idan ka hau, zauna ka jira. Sau da yawa ruwan kan janye cikin sa'o'i. Kada gaggawar komawa ta sa ka tsallaka shi: ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum, santimita 60 kuwa yana tafiya da yawancin motoci. Kuma idan da tsawa, kada gudun ambaliya ya kai ka ƙololuwar tsauni ko gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. Nemi wani dandali a tsakiyar gangare. Ƙirga daƙiƙu tsakanin walƙiya da tsawa, kowace daƙiƙa 3 na nufin nisan kilomita guda. Idan ba su kai 30 ba, tana kusa, a dakata har a yi minti 30 da jin ta ƙarshe.

Mataki na shida: magangara, mararraba, da ɓata

Za ka iso inda ƙorama ta yanke, dutse ya sauka a tsaye, wurin da ruwa ke zubowa idan ana ruwa. Ƙa'ida ɗaya ce: kada ka sauka inda ba za ka iya hawowa ba. Mutane kan zame su sauka ta farko, su tarar da ta biyu ta fi tsayi, su maƙale a tsakani. Yawanci akwai turbar da ta kewaye ta gefe. Koma baya kaɗan ka neme ta.

Wajen hawa, ƙorama tana rarrabuwa, kowane reshe kuma kama yake da ɗan'uwansa. Duk mararrabar da ka wuce, juya ka dubi bayanka, don hanya tana sauya kama idan an juyo. Tarin duwatsun da ake jerawa a matsayin alama suna taimako, amma ba duka ne na gaskiya ba, wasu masu wucewa ne suka tara don nishaɗi. Gwada su da taswira, kai ma kada ka ƙara naka. Turbar dabbobi takan fara sarai ta ɓace a bakin gangare.

Idan ka gane ka ɓata, tsaya. Shiga inuwa, sha ruwa, ka tuna wuri na ƙarshe da ka tabbatar da shi. Idan komawa can a fili take, koma. Idan ba haka ba, zauna inda za a gan ka. Busa usur sau uku a jere alamar neman agaji ce, hasken madubi kuma yana kai wa nesa. Mai yawan shiga wuraren da babu sabis, ya dace ya mallaki na'urar kiran agaji ta tauraron ɗan'adam.

Mataki na bakwai: idan jiki ya gaza, ko wani abu ya sara

Ku riƙa duban juna. Wanda ya fara jiri, ciwon kai, kasala da tashin zuciya, a kai shi inuwa, a kwantar da shi, a jiƙa masa riga, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Tafiyarsa ta ranar ta ƙare. Idan kuwa ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko faɗa ba dalili, jikinsa ya yi zafi rau, bugun zafi ne, zafin cikinsa ya kai wajen digiri 40, kuma yana kisa. A zuba masa ruwa, a yi masa fifita ba tsayawa, idan da tafki kusa a tsoma jikinsa ana riƙe da kansa, a nemi agaji nan take. Wanda hankalinsa ya gushe ba a ɗura masa ruwa a baki.

Macizai da kunamu suna son abin da kake so, wato inuwar dutse da danshi. Kada ka cusa hannu a ramin da ba ka ga cikinsa ba, kada ka yi tafiyar dare ba tocila, ka kakkaɓe takalmi kafin ka sa. Idan maciji ya sari wani, a cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a kai shi asibitin da ke da maganin dafi. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa tamau. Kada a ɓata lokaci wajen farautar macijin.

Mataki na takwas: tafkin dutse da wurin kwana

Tafkunan da ke maƙale a cikin duwatsu su ne ran wurin. A tafkin Archei na tsaunukan Ennedi a Chadi har kadoji suka wanzu a tsakiyar Sahara saboda irin wannan ruwa. Tsuntsaye da namun daji da dabbobin makiyaya duk da shi suka dogara, wani lokaci babu wani sai an yi tafiyar yini. Don haka ba a wanka da sabulu a ciki, ba a wanke kwano a bakinsa. Ɗebi ka matsa nesa. Kada ka yi tsalle ka faɗa, ba ka san dutsen da ke ƙasa ba. A Afirka da wasu sassan Gabas ta Tsakiya, ruwan da ke kwance yana iya ɗauke da tsargiya, shiga cikinsa kaɗai ya isa a kamu. Idan za ka sha, tace shi da ƙyalle, ka tafasa ya yi minti guda yana tafasa, minti 3 idan ka haura mita 2,000, ko ka yi amfani da matata ko ƙwayar tsarkake ruwa bisa umarnin da ke jikinta.

Yashin tsakiyar ƙorama shi ya fi laushi da daɗin shimfiɗa, kuma nan ne ba a kwana. Hau dandalin da ke sama da duk alamun ambaliyar da ka gani, nesa da gindin bangon da duwatsu ke faɗowa. Ka ba ruwa tazarar aƙalla mita 60, fiye ma ya fi, don dabbobi da dare suke zuwa sha, idan sun ji mutum sai su haƙura da ƙishirwarsu. A Arizona doka ce ta hana yada zango cikin kusan mita 400 daga mashayar da hakan zai hana dabbobi isa gare ta. Bayan gida a haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20 nesa da ruwa a rufe, shara kuma a dawo da ita. Inda ka ga ƙasa ta yi ɓawo baƙi-baƙi mai ƙuraje, halittu ne ƙanana ke riƙe da ita kada iska ta kwashe, taku guda na iya ɓata abin da zai ɗauki shekaru masu yawa kafin ya farfaɗo. Bi kan dutse ko yashi. Zanen mutanen zamanin da a jikin duwatsu, irin na Tassili n'Ajjer a Aljeriya, a kalla da ido kawai, ba a shafawa, ba a watsa masa ruwa don hoto ya fito.

Saukowa tana cin gwiwa fiye da hawa, kuma lokacin ne ƙafa ta gaji, hankali ya koma kan mota. Ƙara ɗaure igiyar takalmi kada yatsu su riƙa dukan gaba, ka rage sauri. Idan kana so ka san sauran hasken da ya rage, miƙa hannu ka jera yatsu tsakanin rana da bakin tsauni, kowane yatsa wajen minti 15 ne, a cikin kwari kuma duhu yakan riga haka sauka, don haka tocila ta kasance a aljihun sama. Da ka isa inda sabis yake, kira wanda ka bar wa saƙo kafin ya tayar da masu nema. Idan ka ga idon ruwa ya ƙafe ko turba ta zabtare, gaya wa masu kula da wurin ko mutanen gindin tsaunin, don masu shiga gobe su san adadin ruwan da za su ɗauka.